Zagon Ƙasa a Gidan Baba Stamena

Ranar da kwalbar farko ta lalace, dariya Baba Stamena ta yi. Suna zaune wajen karin kumallo, 'yarta Branka ta buɗe ajbar za ta shafa wa burodi, sai ga fumfuna fara fat ta lulluɓe saman. Branka ta ɗaga kwalbar ta nuna wa mijinta Tihomir, ta nuna wa uwarta. Stamena ta karɓa ta shinshina, ta ce ai ko Fada a coci yakan yi tuntuɓe a karatu ranar Lahadi, a zuba wa kaji a ɗauko wata.

Tana da dalilin yin dariya. A ƙauyenmu, in kaka ta shigo tattasai ya yi ja har ya rufe bangon gidaje, kowace mace za ta fito da murhun ƙarfe tsakar gida, ta gasa, ta ɓare, ta rataye a raga ya tsane, ta niƙa, sannan ta tsaya kan tukunya da muciya awa biyar tana juyawa har ya yi kauri ya fara sheƙi. Shi ne ajbar, da shi muke cin burodi duk tsawon sanyi, kuma da shi ake auna mace ko ta so ko ta ƙi. A wannan aiki babu wadda ta kama ƙafar Stamena, ba a ƙauyenmu kaɗai ba, mu dai muna cewa a duk kudancin Sabiya. Shekararta saba'in da ɗaya, amma murfin da ta ɗaure, ƙato ma sai ya nemi wuƙa. In kwalabe sun huce takan bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasa murfin da zoben aurenta. In ya yi ƙara siririya, ya kama. In ya yi kamar an buga kwali, iska ta shiga, sai a cinye shi cikin makon. A shekara hamsin ba ta sami irin waɗannan da suka wuce yatsun hannu ɗaya ba.

Kafin mako ya zagayo, uku sun bi ta farko. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta sauka ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin madafa inda ake ajiya, ta bi layin kwalabe da zobenta, ta sami goma sha ɗaya suna amsawa da muryar kwali. Ta zauna a kan matakala tana kallon hannuwanta. Ta san ta ƙwanƙwasa su duka ranar da ta jera su. Ko kuwa ba ta yi ba? Wannan "ko kuwa" a ranar ta shige mata rai, kuma ba ta sake fita ba.

Gidan nata ne, da gonar tattasan da ke bayansa, sunanta ne a takarda tun rasuwar mijinta. Branka da Tihomir sun dawo ne shekara uku da suka wuce, da masaƙar da suke aiki a garin Leskovats ta rufe. Tihomir mutum ne mai dogon buri. So yake a rushe madafar tsakar gida da ɗakin ƙasa, a haɗe da gonar, a kafa rumfunan leda na tumatir irin waɗanda suka cika bakin titi yanzu. Da ya kawo maganar, Stamena ta ce in ta mutu ya rushe har da kabarinta, amma ba tana numfashi ba. Ya yi 'yar dariya ya ce shi ke nan, Baba, kuma bai sake tayar da zancen ba. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mata.

Bayan kwalabe sai miya. Wata Lahadi da baƙi suka zo, Stamena ta dafa wake kamar yadda ta saba, aka zuba, baƙi suka kai cokali ɗaya baki suka fara laluben ruwa. Gishiri ne kamar an juye buhu. Kwana biyu bayan haka tabaranta ya ɓata, aka juya gida, sai Branka ta tsince shi cikin buhun fulawa. Ba a rufe mako ba aka wayi gari ƙofar akurki a buɗe, karen maƙwabta ya kashe kaji biyu, kuma kowa ya san Stamena ce ke rufe kaji da yamma.

Branka ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, ko sau ɗaya. Takan dafa kafaɗarta ta ce, "Ba komai, Mama, kowa yana mantuwa." Sai ta ɗauki jaka ta tafi kanti, ta tsaya a layi idonta jajir, in an tambaye ta lafiya ta ce a dai taya ta addu'a, ba ta so ta yi maganar. Daga nan kuma ta yi maganar, da gishirin, da tabarau, da kajin. Ni ma ina cikin waɗanda suka riƙe hannunta a kantin nan suka ce Allah ya ba ta ladan haƙuri. Ba zan ɓoye ba, har na yaba mata a gaban mutane.

Ƙauye ba ya buƙatar a faɗa masa abu sau biyu. Mutanen da Stamena ta yi wa wankan jarirai suka fara yi mata magana da ƙarfi kamar kurma, suna tambayarta, "Baba, kin gane ni?" Matar Fada (a cocinmu Fada yana aure), wadda kowace shekara take roƙonta ta gasa burodin bikin coci, bana sai ta ba wata, ba ta ko aiko an faɗa mata ba. Stamena ta ji labarin ne a bakin mai kawo wasiƙu. A gida kuwa Branka ta ɗauke ashana, ta rufe madafar tsakar gida ta sa makulli a aljihu, wai don gudun gobara.

Abin da ya fi ciwo shi ne Stamena ta fara taya su. Takan ɗanɗana miya sau biyar, harshenta ya ce daidai, zuciyarta ta ƙi yarda. Ta ɗaure tabaranta da zare ta rataya a wuya. Da yamma takan rufe kaji, ta dawo ta zauna, ta sake tashi ta je ta duba, ta kuma sake. Wata rana tana tsaye kan tukunya da gishiri a tafin hannu, ta juyo ta ce, "Branka, na sa ko ban sa ba?" Branka ta karɓi cokalin, ta rungume ta, ta fashe da kuka a kafaɗarta. Stamena ce ma ta riƙa bubbuga mata baya tana ba ta haƙuri, tana cewa ta yafe mata wahalar da take ba ta. Daga ranar ba ta sake taɓa tukunya ba. Matar da ba ta taɓa zama da rana ba ta koma bakin taga, hannuwa a cinya, tana kallon masu wucewa.

A farkon Nuwamba Branka ta ce likita zai zo ranar Talata tare da wata mata daga ofishin walwalar jama'a, su ɗan duba ta kawai. Stamena ta san ma'anar wannan dubawa, ta ga an yi wa wasu. In likita ya rubuta cewa gigin tsufa ya kama ta, kotu za ta damƙa wa Branka iko da gida da gona, ita kuma a kai ta gidan tsofaffi na cikin gari. Ta ce to. A ranta har ta fara cewa ƙila hakan ya fi, kafin ta ƙona su da gidan.

Ranar Alhamis ta tsallaka gidan Persida, maƙwabciyarta ta bayan shinge. Shekara ɗaya aka kawo su ƙauyen suna amare, kuma yanzu duk su biyun mazansu na maƙabarta. Persida ce kaɗai ba ta canza mata murya ba. Tana ganinta ta ce, "Ke tsohuwa, an ce yanzu kaji kike dafa wa kofi, surukinki kuma ki watsa masa masara. Zo ki zauna, ni ma na manta sunanki."

Stamena ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Persida ta ɗora kofi, ta yanka burodi, ta ɗauko kwalbar ajbar daga kabad. A wurinmu kwalbar farko da ta fito daga tukunya ta maƙwabciya ce, da zafinta ake naɗe ta a tawul a miƙa ta kan shinge. Persida ta riƙe kwalbar ta murɗa, ta ƙi. Ta sa tsumma, ta ƙi. Ta zagi hannun Stamena da wanda ya koya mata, ta sa bakin wuƙa, sai murfin ya yi fat. Ajbar ja wur, mai yana sheƙi a samansa, ƙanshi ya cika ɗakin.

Stamena ta lakata ta kai baki. Gishiri daidai, komai daidai.

"Persida, wannan na bana ne?"

"Na yaushe kuma? Na bara ai ko Kirsimeti bai gani ba. Ke kika miƙo min, har kika ƙona min yatsu."

"Tukunya ɗaya ce da waɗanda suka ruɓe," in ji Stamena a hankali. "Hannu ɗaya, rana ɗaya. Wannan dai bai taɓa kwana a ɗakin ƙasana ba."

Persida ta ajiye wuƙar. Ta dubi taga, inda ake hango taraktar Tihomir a bakin shinge, ta daɗe tana kallo. Can ta ce wa Stamena ta sha kofinta kafin ya huce.

Stamena ta koma gida ƙafarta kamar ba ta taka ƙasa. Abin mamaki, farin ciki ne ya fara zuwa mata kafin fushi. Hankalinta na nan. Hannunta na nan. Wani ne yake bin bayanta yana sassauta murafe, kuma ba sai ta yi dogon tunani ba, ta san mai son a rushe ɗakin ƙasa. Sai tausayin Branka ya kama ta, baiwar Allah tana kwana da irin wannan mutum ba ta sani ba, tana zubar da hawaye a kan ciwon da mijinta ya ƙirƙira. Ta yanke shawara ba za ta ce komai ba sai ta gani da idonta, kuma in ta gani za ta san yadda za ta faɗa wa 'yarta a hankali, kada zuciyarta ta karye.

Asabar ɗin ita ce ranar tunawa da matattu, ranar da duk ƙauye ke tafiya maƙabarta da kyandir da dafaffiyar alkama. Tihomir ya ce shi zai tsaya gyaran tarakta. Branka ta ce Mama ta yi gaba, za ta biyo ta in wainar da ta sa a tanda ta gasu. Stamena ta je, ta kunna kyandir a kan kabarin mijinta, ta ce masa ya yi haƙuri yau ba za ta zauna hira ba. Ta dawo ta bayan lambu, ta sauka ɗakin ƙasa, ta kifa akwati bayan gangar kabeji ta zauna. Sanyi ya riƙa shigarta ta ƙafafu. Ta kusa awa guda a nan kafin ta ji an turo ƙofa.

Ƙafafu ta fara gani a kan matakala. Safar ulu ce mai jan zare a baki, ita ta saƙa ta da hannunta sanyin bara, kuma ba Tihomir ta saƙa wa ba.

Branka ta sauko da tsumma a hannu, ta nufi kwalabe kai tsaye kamar mai zuwa aikin da ta saba. Ta ɗauki ɗaya, ta tokare ta da ciki, ta naɗa tsumman ta murɗa. Stamena ce ta koya mata wannan riƙon tana 'yar shekara goma. Murfin ya yi ɗan huci. Branka ta tsoma yatsa ciki, ta lashe, ta mayar da murfin sako-sako, ta ajiye kwalbar daidai inda take. Ta yi wa ta biyu, ta uku, ta huɗu. Fuskarta ba ta mugunta ba ce, fuskar mace ce mai sauri kada waina ta ƙone.

"Kin tsallake ta bayan can," in ji Stamena.

Branka ba ta yi ihu ba. Ta tsaya cak da kwalba a ciki, ta juyo a hankali. Sun daɗe suna kallon juna.

Da bakin Branka ya buɗe, bai sake rufuwa ba. Ta ce ba yadda Mama take tsammani ba ne. Ta ce ko Mama ta manta bara ta faɗo daga tsani wajen rataye tattasai? Ga hawan jini, ga tsayuwar awa biyar kan wuta, an ce ta huta ta ƙi, wata rana gawarta za a tsinta a bakin murhu. Ta ce ita shekararta arba'in da takwas, amma a gidan nan ko kujera ba ta isa ta matsar ba sai ta nemi izini. Ta ce Tihomir ya rantse in ba a kafa rumfunan ba Jamus zai tafi, kuma ta san in ya tafi ba zai dawo ba. Ta ce gidan tsofaffin yana da ɗumi, akwai likita, akwai talabijin, sun je sun gani.

"Gishirin ma ke ce?"

Branka ta gyaɗa kai.

"Kajin fa?"

"Wannan Tihomir ne. Na ce masa kada ya yi."

"Ranar da na tambaye ki ko na sa gishiri, kika rungume ni kina kuka?"

"Kukan na gaskiya ne, Mama."

Kuma na gaskiyar ne, shi ya sa ya fi ƙuna. Stamena ta dubi 'yar da ta goya, ta nemi baƙuwar fuska a wurin ba ta samu ba, Branka ce dai, da ɗan tabon da ta ji a haɓa tana rarrafe. Branka ta share hanci da tsumman, muryarta ta yi ƙasa.

"Mama, ko ba yanzu ba, mantuwar nan za ta zo. Kowa tana zuwar masa. Mun ɗan gaggauta ta ne kawai."

Stamena ta dafa ganga ta miƙe. Ta ce ranar Talata za ta faɗa wa likita komai, daga kwalbar farko har ta yau. Ta zaci Branka za ta durƙusa ta roƙe ta. Branka ta ajiye kwalbar, ta gyara mata zama a layi, ta ce, "Ki faɗa, Mama." Ta hau sama ta je ta duba wainarta. Sai ranar Talata Stamena ta gane abin da wannan amsa take nufi.

Likitan yaro ne, yana da sauran ƙauyuka uku a gabansa, yana ta duban agogo. Matar ofishin walwala ta zauna da takardu a cinya. Branka ta kawo kofi da ɗan ruwan sanyi. Ya tambayi Stamena ranar wata da sunan ƙauye, ta faɗa. Ya ba ta kalmomi uku ta riƙe, bayan ɗan lokaci ya ce ta maimaita, ta kawo biyu, ta ukun ta kuɓuce mata don zuciyarta na kan abin da za ta faɗa. Sai ta ce ya ajiye biron nan ya saurare ta. Ta faɗi komai dalla-dalla: murafe, gishiri, tabarau, kaji, da abin da ta gani ranar Asabar tana zaune bayan gangar kabeji.

"Me kike yi bayan gangar kabeji, Baba?" in ji matar ofishin cikin taushin murya.

Branka ta rufe fuska da hannuwa biyu. Tihomir ya girgiza kai ya ce ai tun Asabar haka take, ta bar kabarin mijinta ta je ta ɓuya a ɗakin ƙasa cikin wannan sanyi, jiya kuma ta ce shi ya kashe mata kaji. Likitan ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo masa abin da yake nema. Ya ce kada iyali su ɗauka da zafi, zargin na kusa alama ce da aka sani a wannan ciwo, kuma yawanci wanda ya fi kula da mutum shi ake zargi.

Stamena ta ce a kira Persida. Aka kira ta, ta shigo da gari a hannuwa, ta tsaya a bakin ƙofa. Stamena ta ce ta faɗa musu kwalbar Alhamis, wadda sai da wuƙa ta buɗu. Persida ba ta da ɗa ba ta da jika. Tihomir ne yake nome mata 'yar gonarta da tarakta, shi yake kawo mata itacen sanyi, ga shi kuma dusar ƙanƙara na hanya. Ta dubi ƙasa ta ce gaskiya ba za ta iya rantsuwa ba, ƙila ta bara ce, ita ma kanta ba kamar da ba. Ta juya ta fita ba ta dubi Stamena ba.

A nan ne Stamena ta ɗaga murya, karon farko a duk wannan abu. Ta ruga ɗakin ƙasa ta kwaso kwalabe biyu, ɗaya mai kyau ɗaya sassautacciya, ta kai su kunnen likitan tana ƙwanƙwasawa da zobe tana cewa ya saurara, ya ji bambancin, wannan ta kama, wannan an buɗe ta. Duk macen ƙauyenmu da ta ji za ta gane. Likitan ɗan birni ne, a kanti yake sayen ajbar. Abin da ya gani tsohuwa ce gashi a warwatse, tabarau na lilo a wuya, tana buga masa kwalba a kunne. Ya ja kujerarsa baya, ya cika shafinsa da rubutu.

Takarda ta tafi kotu, ta dawo a watan Maris. Ranar da mota ta zo, Branka ce ta haɗa mata kaya, ta sa mata safa uku da hoton mijinta, tana kuka har maƙwabta suka riƙa riƙe ta. Stamena ta shiga mota ba ta yi sallama da kowa ba, muka ce ai ba ta gane mu ba ne. Ba a yi kwana goma ba aka rushe madafar, aka cike ɗakin ƙasa da ɓaraguzanta, aka baje.

Da Branka duka ta yi wa uwarta, da ƙauyen nan ya taru a ƙofar gidan kafin la'asar. Da kora ta yi mata, da Fada ya yi wa'azi a kai, da matar Fada ta daina amsa gaisuwarta. Amma zagon ƙasa ba ya barin tabo da za a nuna wa kowa. Murfi ne ake ɗan sassautawa, gishiri ne ake ɗan ƙarawa, sai a koma gefe a yi kuka, mu kuma mu ƙarasa sauran aikin kyauta, da tausayinmu da tambayar "kin gane ni". Mun fi wata guda muna kallon mace mai cikakken hankali tana rushewa a gabanmu, ba wanda ya tambayi kansa yadda aka yi hannun da bai kuskure ba shekara hamsin ya lalace cikin mako uku. Sai da damina ta yi nisa Persida ta kasa riƙewa, ta faɗa mana gaskiya tana kuka a bakin rijiya. Muka ce Allah ya kyauta. Har yau tumatir ɗin Tihomir muke saye, don ya fi na kanti araha.

Da Oktoba ta zagayo Branka ta shiga motar safe ta tafi gari ganin uwarta. Ta same ta a bakin taga a bene na biyu, ta rame, tabaran na nan rataye da zarensa. Masu kula da tsofaffin sun ce yanzu takan tambaya ko ta ci abinci bayan ta ci. Ko mantuwar gaske ce ta zo, ko wadda aka daɗe ana kira ce ta amsa, ba mai iya faɗa.

Branka ta zauna, ta yi zancen sanyi, ta yi zancen rumfuna. Can ta buɗe jaka ta fito da kwalba naɗe a tawul ta ajiye a kan tebur. Ta ce bana ita ta yi ajbar da kanta, ita kaɗai, wannan ce kwalbar farko, ta kawo wa Mama ta ɗanɗana ta gaya mata ko gishirin ya yi.

Stamena ta daɗe tana kallon kwalbar. Ta jawo ta, ta gyara zoben da yanzu yake yawo a yatsanta, ta ƙwanƙwasa murfin sau ɗaya, ta karkata kunne. Ƙarar ta fito siririya.

"Ya kama," ta ce. "Ashe kin iya rufewa."

Branka ta fara kuka. Stamena ba ta bubbuga mata baya ba. Ta mayar da tawul ɗin ta naɗe kwalbar yadda ya kamata, ta tura mata ita ta kan tebur.

"Ki kai wa Persida. Kwalbar farko ta maƙwabciya ce."